Jimlata a Allon Malam Wilbi

Littafin aikin gida na jikata ne ya tayar mini da wannan tsohon zance, kuma har yanzu da nake rubutu raina bai gama hucewa ba. Yarinyar sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Ummi nake ce mata. Ta dawo daga makaranta nan cikin Kazaure tana rawar kai, ta ɗora mini littafi a cinya wai in ga ta cinye makin Turanci gaba ɗaya. Na sa tabarau na duba. Darasi ne da na sani kamar yunwar cikina, na koye shi ina yarinya, na koyar da shi har na yi ritaya: yadda ake faɗin abin da za a yi nan gaba ba tare da an ambaci mai yin ba. Jimloli ashirin reras. Za a gina asibiti. Za a zuba wa hanya kwalta. Za a ba kowane ɗalibi kujera. Za a ciyar da marayu. Kowacce malamin ya bi ta da jan biro ya ce daidai ne, har da zana mata tauraro a ƙasa.

Na ce, "Ummi, duk wannan aiki wa zai yi shi?"

Ta ce, "Kai, Hajiya! Ai ba yi za a yi ba. Jimla ce kawai. A waya ma na samo su."

Jimla ce kawai! Wallahi da ba don sunan da ke kanta ba da na ja mata kunne. Amma da na nutsu sai na ga ba laifinta ba ne. Yarinyar da ta buɗe ido ta ga allunan ƙarfe a bakin hanya, tun daga nan har Roni, kowanne da Turancinsa mai kyau yana cewa za a yi kaza, za a kammala kaza, ga tsatsa ta cinye rabin rubutun, ga akuya kwance a inuwarsa tana tuƙa, me za ta ɗauka? Ai dole ta ɗauka cewa irin wannan magana ado ce, ana rataya ta ne don masu wucewa. Turancin allunan nan babu kuskure ko ɗaya, na tsaya na karanta da idona. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mu da aka koya wa darasin nan da hawaye, ba haka aka koya mana shi ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa, a gindin duwatsu, inda in ka yi kira da ƙarfi dutse yake maido maka da muryarka. Abin da ke tashe mu da safe ƙarar taɓarya ce daga gida zuwa gida, sai kukan guga a bakin rijiya, sai can a buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a darbejiyar makaranta. Kafin a buga shi na cika randa biyu, na kai awaki bakin garke, na wanke ƙafa da dutse don kada a kore ni saboda faso. A gidanmu akwai wata ƙara da ta fi duk waɗannan zama a kunnena, wato ƙarar gyaɗa a kasko. Inna, mahaifiyata, ƙuli-ƙuli take yi. Ta soya gyaɗa da yashi, ta murje, ta sheƙe, a niƙo, ta zuba a turmi tana ɗiga ruwan zafi tana juyawa har mai ya tsatso ya kwanta a sama. Abin da ya rage bayan an matse, tunkuza, shi take murzawa a tafin hannu, wani zobe-zobe, wani dogo kamar yatsa, ta jefa a mai yana tafasa. Ƙanshin nan har kayan makarantata yake kamawa, 'yan ajinmu suna tsokanata wai ko ba a kira sunana ba an san na zo.

To, ni ce 'yar fari, kuma gidanmu akwai jinin Fulani. Yaran yanzu sai an yi musu bayanin abin da wannan yake nufi. Inna ba ta kiran sunana. Ba ta taɓa kira ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini wasa a gaban mutane. Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake kwana, uwar mahaifina. In Inna tana son in yi abu, sai ta kalli bango ko murhu ta ce, "A ɗebo ruwa." Ko ta ce, "A gaya wa waccan ta sa ɗankwali." In na yi fushi na ƙi cin abinci sai in ji ta daga madafa tana tambayar iska, "Yau za a ci tuwo ko ba za a ci ba?" Haka na tashi, ban taɓa ganin abin a matsayin rashi ba, kunya ce, kowa ya san ta, kuma uwar da ba ta yi wa ɗan fari ita ce abin nunawa da baki a bakin rijiya. Ni ma a nawa ɓangaren ba na iya faɗin sunanta, ko wata mai irin sunan na gani a hanya sai dai in ce mai sunan Inna.

Malaminmu na ajin ƙarshe, wanda shi ne kuma hedimasta don makarantar malamai huɗu kacal gare ta, dogon mutum ne daga gabas, Hausarsa da ɗan karin Barebari. Keke gare shi mai ƙararrawa, ba ya dukan yaro sai abin ya kai intaha, amma mun fi tsoron shirunsa da bulalar sauran. Mun sa masa Malam Wilbi saboda wannan darasi. Sai ya tsaya gaban allo ya ce, in za ka faɗi abin da za a yi wa wani abu nan gaba, ka fara kawo abin, ka bi shi da *will be*, sannan ka ɗauko kalmar aiki a siffarta ta uku, ba ta farko ba, ba ta biyu ba. Mu kuwa mu ɗauka da ƙarfi, wilbi, wilbi, har mata masu wucewa da itace suna dariya. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma ku kula. Wannan jimla tana ɓoye mai aikin. Duk inda aka ɓoye mai aiki, malalaci da maƙaryaci suna samun wurin kwanciya. A ajina ba za su samu ba."

Ga yadda ya hana su. Ya ja layi da alli ya yanke gefen dama na allo, ya ce wannan gefen alkawari ne. Kowa zai fito ya rubuta jimlarsa guda ɗaya da Turanci, ya sa sunansa a ƙasa. Ba za a goge ta ba sai abin da ta faɗa ya tabbata, kuma wanda ya rubuta shi zai goge da hannunsa. Monita in zai goge allo sai ya yi kaffa-kaffa kada tsumma ya taɓa layin nan. Sannan ya ƙara da wani sharaɗi: duk wanda ranar tura sunayen masu jarrabawar shiga sakandare ta zo jimlarsa tana nan a allo, ba zai tura sunansa ba. Ya ce ba zai aika wa gwamnati yaron da zai je ya koyi rubuta abin da ba zai yi ba, irinsu sun riga sun yi yawa a ofis.

Masu wayo suka rubuta abin da bai fi ƙarfinsu ba. Za a share gindin darbejiya. Za a cika randar aji. Za a ɗinke jakata. Wani shaƙiyyi, ɗan mahaucin garinmu, ya rubuta za a ci tuwo yau a gidanmu, washegari ya zo yana shafa ciki ya goge abarsa, Malam har ya kusa yin murmushi. Ni kuwa a lokacin kaina ya kumbura. Ni kaɗai ce mace a cikin waɗanda ake sa ran za su ci jarrabawa, Baba ya riga ya amince in na ci in tafi makarantar kwana, har na fara tafiya irin ta malamai. Na ga ai ba zan tsaya sharar gindin bishiya ba. Na karɓi alli na rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a koya wa mahaifiyata rubutu. Na ma kuskure kalmar aikin, Malam ya sa na gyara ta zuwa *taught*. Da na gyara sai ya tsaya yana kallon jimlar, ya daɗe.

Ya ce, "Ke ce ta fari a ɗakinku, ko ba haka ba?"

Na ce, "Ni ce, Malam."

Ya ce, "Ba ki ajiye allin ba tukuna. Kina iya sakewa."

Na ji 'yan maza suna ƙus-ƙus a baya. Na ce, "Na tabbata, Malam." Na rubuta sunana a ƙasa na ajiye alli har da ɗan karkaɗe hannu. In na tuna wannan karkaɗe hannun har yau sai in ji kamar in mari kaina.

Sai da na iso ƙofar gida abin ya faɗo mini. Wa zai koya mata? Malam namiji ne, ba zai shiga gidan matan aure ba. Baba karatun allo ya yi, kuma rabin mako yana hanyar kasuwar Babura da buhunan gyaɗa. Ƙannena ba su san ko alif na boko ba. Saura ni. Ni da ba ta iya kallona, ni zan zaunar da ita in kama hannunta in ce, Inna, faɗi harafin a? Duk da haka na gwada, don yaro ba ya rasa ƙarfin hali. Na same ta tana juya turmi, na tsuguna nesa kaɗan da littafina a buɗe, na ce, "Inna, Malam ya ce..." Ban ƙarasa ba ta juya mini baya da turmin gaba ɗaya, ta ce wa katanga, "A matsa daga nan, mai zai fallatsa a littafin mutane." Na sake gwadawa bayan kwana biyu, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Da na kai wa Baba kuka ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Da wa kika yi shawara kafin ki rubuta? Tsakaninki da malaminki, ni ba ruwana."

Kwanaki suna tafiya, gefen alkawari yana ta yin fili. Wannan ya goge, wancan ya goge. Aka wayi gari jimlata ce kaɗai a wurin, ga sunana a ƙasa kamar an kafa ni a kasuwa. Kullum da safe in na shiga aji ita nake fara gani. Allin ya fara dusashewa, Malam ya miƙo mini sabo ya ce in bi kan baƙaƙen in ƙara musu haske. Labari ya fita gari. Mata a bakin rijiya suna cewa, "Ga malamar uwarta nan." Wata tsohuwa ta tare ni ta ce boko ya fara cire wa yara kunya, yau 'yar fari za ta zaunar da uwa, gobe kuma sai ta kira ta da suna. Na koma gida ina kuka, tulun ma rabi na cika.

A nan ne na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na yagi takarda, na kama fensir da hannun hagu, na rubuta baƙaƙe a karkace, na ɗan shafa mata man gyaɗa a gefe don ta yi kama da ta fito daga hannun Inna. Na kai wa Malam na ce ga shi, ta koya. Ya karɓa, ya juya ta, ya shinshina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya san inda ake fara kowane harafi da inda ake ƙarewa, ya dai yi ƙoƙarin ɓoyewa. Man kuma da yatsa aka shafa shi." Ya ninke takardar ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kanta. Ya ce, "Ba zan gaya wa kowa ba. Amma kin ga abin da nake gudu ke nan. Tun ba ki je ko'ina ba kin fara." Da ya zane ni da bulala goma da ya fi mini sauƙi.

Kaka ce ta ga na daina cin abinci. Tsohuwa ce mai ido ɗaya, ɗayan yana ya rufe shi, bakinta kuwa babu mai iya masa, ƙawata take ce mini. Na fayyace mata komai har da takardar ƙarya. Ta yi tsaki ta ce, "Ke da malamin naki duk ba ku da hankali, amma shi ya fi ki, don shi da gemu." Ta ɗauki goro tana murzawa a magogi. Can ta ce, "To ni ki koya mini. Uwar uba ai uwa ce." Na ruga na tambayi Malam ko Kaka za ta wadatar. Ya nuna allo ya ce, "Karanta abin da kika rubuta." Na dawo na gaya mata bai yarda ba. Ta ce, "Shi ya sani. Ni dai na ce zan koya, kuma sai kin koya mini, in ba haka ba ki nemi ɗakin kwana."

Haka aka fara abin da na ɗauka wahalar banza ce. Kullum bayan la'asar Kaka ta ja tabarmarta, ba ƙofar ɗakinta inda inuwa take ba, sai tsakar gida, daidai tsakanin turmin Inna da murhu, inda hayaƙi yake shiga ido. Ta ce littafi ƙanana ne baƙaƙensa, in rubuta mata a ƙasa da tsinke, kowane harafi kamar faɗin faifai. Na fara daga farkon baƙaƙe, ta ce, "Wa ya aike ki? Ni da ido ɗaya ina zan kai wannan garke? Sunanki kawai nake so, in na mutu in gaya musu na san sunan ƙawata a boko." Haruffa biyar ne. Sai ta ce kunnenta ya toshe, in ɗaga murya. In faɗi harafi, ta ce, "Me?" In sake. Ta ce, "Daga ina kika fara jan shi? Sake, a hankali, hannunki ya cika sauri kamar ɓarawon kaza." In ja, ta sa in goge in sake ja, sau biyar, sau goma. Ita kuwa ko tsinken ba ta taɓa riƙewa da kirki ba, in ta ja layi ɗaya sai ta ce bayanta ya gaji. Ina yi ina ƙunƙuni, ina lissafin kwanakin da suka rage, ga tsohuwa tana ɓata mini lokaci. Inna tana gefe tana murza tunkuza, kanta a sunkuye, ko sau ɗaya ban ga ta ɗago ba.

In mun tashi Kaka ta daka tsawa ta ce kada wanda ya taka mata karatu, kada a share wurin. Inna ce mai sharar tsakar gida da sassafe. Sai in fito in ga an share ko'ina fes, an zagaye baƙaƙen nan biyar, sawun tsintsiya ya bi gefensu bai taɓa su ba. Wata safiya kaji suka tone harafi na uku. Na gani da idona kafin in tafi rijiya. Da na dawo na tarar an maido shi, an ja shi da yatsa, ya ɗan karkace, ya kalli hagu maimakon dama. Na ce wa Kaka ashe ta fara iyawa. Ta kalle ni da idon nan ɗaya ta ce, "Allah ya ba ki basira, ƙawata, don karatu kam kin samu." Ban gane ba. Wallahi ban gane ba, ni da ake cewa na fi kowa ƙwaƙwalwa a aji.

Ranar tura sunaye ta zo. Na tashi jikina a mace, na yi niyyar in ƙi zuwa ma, Kaka ta kore ni da sanda. Na sa kayan makaranta ina jan ƙafa zan fita, sai na ji muryar Inna daga madafa, tana magana da murhu kamar kullum. "A kai wa malamin makaranta wannan. Kada a buɗe a hanya. Kada a karkata shi." Faranti ne mai faɗi, an rufe da sabon faifanta, an ɗaure da tsumma. Ƙasansa da ɗumi. Na ɗauka roƙo ne ta aika a yi mini sassauci, kuma kowa ya san Malam ko ƙwai aka kai masa sai ya maido. Na ce a raina yau kunyar ta zama biyu. Amma ban taɓa musa wa Inna ba, na ɗora a ka na tafi, wuyana a sandare.

Na tarar ya zauna da doguwar takarda a gabansa, aji ya cika, jimlata tana nan a gefen dama. Na durƙusa na ajiye farantin a kan tebur. Ya haɗe rai ya ce, "Mene ne wannan? Kin san ba na karɓa."

Na ce, "An ce a kawo ne, Malam. Ban san mene ne ba."

Ya kwance tsumman ya ɗaga faifan. Ƙanshi ya cika aji. Ƙuli-ƙuli ne guda biyar, kowanne kamar tafin hannu, an jera su daga hagu zuwa dama. Ba zobe ba ne, ba dogaye ba. Baƙaƙe ne. Na farko ya ɗan ƙone a gefe, na uku ya kalli hagu maimakon dama, ga sawun yatsunta a jikin kowanne inda ta danna ta lanƙwasa. Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya karanta, da irin muryar da yake kiran rajista, ya kira sunana.

Na ce, "Na'am," ina sane cewa ba shi ne ya kira ni ba.

Ya ce, "Wa ya koya mata?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam." A lokacin ne na ga tabarmar Kaka a cikin hayaƙi, na ji "sake, a hankali," na ga kan Inna a sunkuye. Hawaye ya ɓalle mini a gaban 'yan maza, ban ko damu ba.

Ya ce, "To, an dai koya mata." Ya miƙo mini tsumman goge allo. Na goge jimlar, ta daɗe a wurin har ta bar inuwarta a jikin allo. Ya rubuta sunana a takarda ina kallo. Bai ɗauki ko ɗaya daga farantin ba, ya rufe da kansa ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Wasiƙarki ce."

Na dawo gida da gudu, ina jin yau kam zan faɗa jikinta ko me za a ce. Na tarar da ita a bakin kasko, ta ba ni baya. Na tsaya.  Ba ta juyo ba, sai dai na ga ludayin ya tsaya a hannunta, mai yana ta ƙara ba ta juya ba. Can ta ce, "A rataye mini faifaina inda aka saba." Na rataye. Kaka daga tabarma ta ce, "Ni kuma da na sha hayaƙi wata guda ko guntu ba za a jiƙa mini ba?" Ban ba ta ba. Na naɗe su a tsumma na sa a akwatina, da su na tafi makarantar kwana. Duk ranar da kewar gida ta taso mini sai in ɓalli kaɗan in sa a baki. Huɗu suka ƙare a haka. Na ukun nan mai kallon hagu ban iya ci ba, yana nan har ya zama gari a cikin tsumman.

Shi ya sa nake jin zafi in na ji masu ilimin yanzu suna cewa kunyar ɗan fari rashin ƙauna ce, wai iyayenmu sun cuce mu. Su wa suka gaya musu? Yau uwa tana kiran ɗanta sau ɗari kafin azahar, da sunan yanka da na gayu, ta ce za a saya maka, za a kai ka, za a yi maka, yaro ya girma ya san duk iska ce. Malami ya ba da jimla ashirin ya bi su da jan biro bai tambayi ko ɗaya ina ta kwana ba. Ni ma da na koyar na ja layin nan a allona shekara da shekaru, sai da wani mai duba makarantu, yaro ƙarami da takalmi mai ƙyalli, ya ce ina ɓata rabin allo, ba ya cikin manhaja. A gabana ya sa aka goge alkawuran yara goma sha wani abu. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe.

Duk wannan na zauna na ba Ummi labari, littafinta yana cinyata. Wayar ma ta ajiye. Sai ta ce, "Hajiya, yanzu har ta rasu ko sau ɗaya ba ta kira sunanki ba?"

Na ce, "Ta kira. Sau ɗaya, da tunkuza. Kuma duk kiran da aka yi mini a duniya babu wanda na amsa kamar shi."

Na tashi na lalubo guntun alli a cikin tsohon kwanon ɗinkina, na ja layi a jikin ƙofar madafa, na miƙa mata. Na ce guda ɗaya nake so, ba ashirin ba, ta sa sunanta a ƙasa. Ta karɓa da saurinta za ta rubuta, sai ta tsaya. Yau kwana uku ke nan allin yana hannunta, ƙofar babu komai, kuma ban matsa mata ba.